Garzali Dillalin Shanu Ya Sayo Lasifika

A Kasuwar Shanu ta Maiduguri, a shekarun da kaset ya gama korar garmaho daga ɗakunan mutane, babu dillalin da ya kai Malam Garzali yarda da hannunsa. Bakano ne mazaunin unguwar Mafoni, kuma maganar gaskiya ya san shanu. Ciwonsa ɗaya ne: in ya san abu guda, sai ya ɗauka ya san goma. Shi da kansa yake ba da labarin nan yanzu in an zauna, yana yi yana share hawayen dariya da bakin riga, don haka kada a ce gulmarsa ake yi.

Akwai wata dabara da wasu masu shanu ke yi. In gobe kasuwa, sai a ba sa kanwa ya lasa, ƙishirwa ta kama shi, ya ɗirki ruwa har cikinsa ya yi tulu. Ka gan shi da safe ya cika ido, ka saya, kafin tirela ta kai kudu ya fitsarar da rabin ƙibarsa a hanya. To Garzali ya yi suna wajen kama irin wannan. Sai ya dafa kwiɓin sa, ya ɗan girgiza, ya yi masa mari ɗaya a cinya, ya juyo ya ce, "Wannan an shayar da shi." Kuma sau da yawa hakan take.

"Hannun nan," in ji shi, yana ɗaga na dama sama a tsakiyar kasuwa, "sikeli ne Allah ya dasa mini. Ba sa kaɗai ba, ko jirgin sama aka kawo, in na dafa zan gaya muku nauyinsa da lafiyarsa."

Daga cikin masu jin wannan cika baki har da Alhaji Nasidi, babban falke mai lodin shanu zuwa Legas. Alhaji ya tsufa, ƙafa ta fara ƙi, yana neman mutum ɗaya da zai riƙa zaɓa masa shanu yana saya. Duk dillalin da ya sami wannan aiki ya huta da yawon rana yana bin makiyaya, ya kuma yi ban kwana da gidan haya. Garzali ya daɗe yana kwana yana tashi da wannan buri. Ana cikin haka matarsa Saude ta haifi ɗa namiji ranar wata Alhamis. Da Alhaji ya ji, sai ya ce, "Ma sha Allah. Zan zo suna da kaina. In an watse sai mu ƙarasa maganar nan tamu."

Mai hankali da ya je ya sayi ragonsa ya yi shiru. Garzali kuwa sai ya ga ai dole Alhaji ya zo ya tarar da gidan mutumin da ya isa. Yana da wata rakoda mai ƙyalli da surukinsa ya kawo masa tsaraba daga Makka, amma lasifikokinta sun ɓace a hanya, shekara guda ke nan tana lulluɓe da ƙyalle ba ta taɓa cewa uffan ba. Ya yanke shawara ranar suna za ta yi magana, kuma maganar da za a ji har unguwar Abbaganaram.

Gidan da yake haya na wata dattijuwar Babarbariya ne, ana ce mata Ya Fanna. Ɗakin da ke jikin nasa kuwa na Malam Dzarma ne, malamin firamare mutumin Biu, shi da matarsa Rhoda. Dzarma yana da wasu 'yan lasifika biyu a kan kantar littattafansa, kowace ba ta fi bulo ba. Ran Lahadi da yamma in ya sa waƙoƙin coci, muryar tana fita tas, har Saude ta haddace biyu ba ta sani ba. Garzali ya leƙa wurinsa, ba don neman shawara ba, sai don a san yana shirin babban abu.

"Ticha, lasifika zan saya."

"To madalla," in ji Dzarma, ya ajiye jan biro. "Abu uku zan gaya maka. Na farko, ka dubi girman ɗakinka da ƙarfin rakodarka. Irin waɗannan na kan kanta sun ishe ka, ga sauƙi ga daɗin murya."

Garzali ya dubi 'yan lasifikan ya taɓe baki. "Waɗannan 'yan maruƙan? Ticha, ni bijimi nake nema. Mai tsayawa a ƙasa da ƙafarsa, wanda in baƙo ya shigo zai fara gaishe shi kafin ya gaishe ni."

"Manya ma akwai masu kyau, in ka dace. Shi ya sa na biyu, ka tafi da kaset ɗin da ka sani, ka sa a jona maka ka ji da kunnenka kafin ka biya. Na uku, ka ɗaga ka ji. Ta kirki takan yi ɗan nauyi, saboda maganaɗisun da ke cikinta."

"Nauyi?" Idon Garzali ya kawo haske.

"Ɗan nauyi na ce. Amma ji da kunne shi ne..."

"Ticha, ka gama magana. Ashe sana'ata ce."

Na farko da na biyu a bakin ƙofar Dzarma ya zubar da su. Na ukun kaɗai ya sa a aljihu, ya nufi Kasuwar Litinin.

Shagon farko da ya shiga, mai shagon mutumin kirki ne. Ya sauko masa da wasu matsakaita, ya jawo waya zai jona. Garzali ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ya jinjina, ya mayar.

"Ba ta ƙoshi ba."

"Malam, ka bari ka ji muryarta tukuna."

"In ji me? Shekarata goma sha biyar ina sayen shanu. Ka taɓa jin na ce wa sa ya yi kuka in ji kafin in saya?"

Mai shago ya naɗe wayarsa. Haka Garzali ya bi layin kaf yana ɗaga kayan mutane yana mayarwa. Wannan ramammiya ce, waccan ba ta da ƙashi, wancan kuma kiwon birni. Har ya kai can ƙarshen layi, wata rumfar kwance inda ake sayar da tsofaffin fankoki da dutsen guga. Nan ya gan su. Guda biyu, baƙaƙe wuluk, kowace ta ɗara shi tsawo, gabansu an ja baƙin ƙyalle, an manna wani rubutun Turanci mai ruwan zinare a goshi.

Ya kewaya su sau uku yadda yake kewaya sa. Ya duba ƙafafu. Ya ƙwanƙwasa kwiɓi, ya ji dim, babu kurman sauti irin na fanko. Ya rungumi ɗaya ya yunƙura zai ɗaga, sai bayansa ya ce ƙas, ita kuwa ko gezau. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙugun da ya amsa har ƙwaƙwalwa.

"Wannan ita ce ƙosasshiya," ya faɗa a ransa. A fili kuwa sai ya ɓata fuska irin ta dillalai, ya ce, "Ba laifi. Sun ɗan tsufa."

Mai rumfar, wani siririn mutum mai yawan kallon hanya, ya ce, "Alhaji, na wani Bature ne da ya koma ƙasarsu. Jirgi ne ya ƙi ɗaukar su saboda nauyi. Da na jona maka, to rumfar tawa ba wuta."

"Wa ya tambaye ka wuta?"

Garzali ya gyara tsayuwa don ciniki. Ya shirya taya ƙasa, a ce albarka, ya yi fushi ya tafi, a kira shi, ya dawo, ya sake tafiya, yadda ake yi da makiyayi tun hantsi har azahar. Ya yi tayin farko, na raini, wanda ko maraƙi aka yi wa sai mai shi ya zage ka.

"Na sallama," in ji mai rumfa.

A Kasuwar Shanu, in mutum ya sallama a tayin farko, ko jiya ka fara dillanci ka san cewa wannan sa ba zai kwana da rai ba. Garzali ya san haka sarai, shi yake koya wa mutane. Amma ran nan sai ya ce a ransa kwarjininsa ne ya daki mutumin.

Sai da ƙarti huɗu suka taru aka ɗora su a amalanke. Garzali ya sa aka kwantar da su, ya cire rawaninsa ya lulluɓa don kada rana ta taɓa su. Kafin a fita kasuwa taya ɗaya ta yi faci. Aka gyara. Da aka shiga lungunan Mafoni amalanken ya nutse a rairayi har gindi, mai turawa ya zauna a ƙasa ya ce shi ko buhunan siminti bai taɓa jin irin wannan ba. Garzali ya ji kamar kirari ake masa. Ya tuɓe riga ya kama turi da kansa. A nan ya lura wani siririn yashi yana zuba daga kusurwar akwatin ɗaya. Ya share da hannu, ya ce Maiduguri ke nan, komai ka saya sai ta yi masa ƙura.

Rhoda tana shanya a ƙofar gida ta hango amalanke da dogayen akwatuna biyu a lulluɓe, ga Garzali a baya ba riga yana haki, ido ya yi ja. Ta saki zanen da ke hannunta ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Malam Garzali, su wa muka rasa? Har mutum biyu?"

"Ba wanda ya mutu, Maman gida. Lasifika ce."

"Lasifika?" Ta matso ta ɗaga rawanin ta leƙa. "Ta masallacin Idi aka ba ka ajiya?"

Kafin ya amsa unguwa ta taru. Tela ya bar kekensa, mai wanki ya bar guga a kan rigar mutane. Aka ja aka tura aka wuce zaure da ƙyar. Ƙofar ɗakin Garzali kuwa ta ce sam. A tsaye sun fi ta tsawo, a kwance kuma babu filin juyawa saboda randar Ya Fanna. Garzali ya aika aka kira kafinta, aka ɓalle ƙyauren da katakon da ke riƙe da shi, wani ɓangaren bango ya biyo baya don kansa.

Ƙarar ce ta fito da Ya Fanna daga ɗaki, kaskon turaren wuta a hannu.

"Kai Afuno, ɗan Hausawa! Wushe, sannu da aiki! Haya na ba ka ko rusau?"

"Ya Fanna, zan gyara. Bayan suna ma gidan kaina zan gina."

"To ka fara da ƙofata, ka koyi hannu."

Ciki kuma wata sabuwa. Ɗakin ɗaya ne da 'yar rumfa, ga gado, ga kabad ɗin kwanukan Saude da ta jera tun aure. Lasifika biyu suna shiga, sai ya zama ko su ko kabad. Saude tana zaune bakin gado da jariri a cinya, ta fito daga wankan jego ke nan, tana kallon yadda ake fitar da kwanukanta tsakar gida ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, baƙi muka yi?"

"Kayan kiɗan suna ne."

"To su za su kwana a gadon, ni da yaro mu koma kabad, ko yaya ka tsara?"

"Saude, ba ki san darajar abin nan ba. Jirgi ma ƙin ɗaukar su ya yi."

"Jirgi ya fi mu wayo ke nan."

Da la'asar Dzarma ya dawo daga makaranta, ya tsallake kwanuka, ya tsaya a ramin da a da ƙofa ce. Ya dubi akwatunan sama da ƙasa. Ya kai hannu zai ɗaga baƙin ƙyallen gaba, Garzali ya riƙe masa hannu.

"Ka ji muryarsu a can?" in ji Dzarma.

"Na ji nauyinsu."

"To bari in ɗauko waya mu jona yanzu. Minti biyar ne."

"Ticha, ragon layya ba a yawo da shi kafin ranarsa. Ran Alhamis kowa zai ji, har kai. Sai dai ina ba ka shawara ka sauke 'yan maruƙanka daga kanta, kada girgiza ta faɗo da su."

Dzarma ya buɗe baki, ya dubi Saude, Saude ta girgiza masa kai. Ya rufe bakinsa ya tafi.

Kwana uku Garzali yana shela a Kasuwar Shanu. Ya gaya wa mahauta, ya gaya wa masu lodi, ya gaya wa makiyayan da ba su ma san mece ce lasifika ba. Ya ce masu ciwon kunne su zo da auduga. Ya ce ya aika wa mutanen Abbaganaram kada su firgita in sun ji ƙasa na motsi. Kwana ukun nan kuma a karkace yake shiga ɗakinsa, a karkace yake fita, tabarma ce ƙofarsa.

Ranar Alhamis da safe aka raɗa suna, yaro ya ci sunan Nuraddeen, aka yanka rago, aka raba goro. Bayan azahar maza suka cika gindin darbejiyar ƙofar gida, dillalai da mahauta da maƙwabta, kowa ya zo jin girgizar ƙasa. A lokacin ne Garzali ya tuna abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba: maza a waje suke zama, lasifika kuwa tana ƙuryar ɗakin mai jego. Wato bangon da ya fasa don shigar da su, a banza ya fasa.

Aka nemo mahauta huɗu majiya ƙarfi, aka ba mata haƙuri suka matsa, aka fito da akwatunan ana nishi. A hanya ɗaya ta daki randar Ya Fanna, randa ta rabe biyu, ruwa ya malale tsakar gida ya bi ta ƙarƙashin tabarmar 'yan barka. Ya Fanna ta ɗaga yatsa biyu ta nuna wa Garzali, wato ƙofa da randa.

A waje ma bai gamsu da tsayinsu ba. Ya sa aka kawo turmi biyu aka kife, aka ɗora kowace a kan ɗaya, suna lilo kaɗan-kaɗan. Dzarma ya jona wayoyin yana cewa a sauke su ƙasa, ba wanda ya saurare shi. Ana gamawa motar Alhaji Nasidi ta tsaya. Aka shimfiɗa masa darduma a gaba, dab da akwatin dama, aka ajiye masa tiren shinkafa da naman suna.

Alhaji ya ɗaga kai ya bi akwatin da kallo har sama. "Garzali, wannan fa? Wa ya zaɓo maka?"

Da ya ce wani ne, da ya tsira da rabin mutuncinsa. Amma sai ya ɗaga hannun nan na dama.

"Ranka ya daɗe, wannan hannun. Shago fiye da goma na shiga ina ɗagawa ina ajiyewa. Ko jonawa ban bari an yi ba. Yadda zan riƙa zaɓa maka shanu, haka na zaɓe su."

"To mu ji," in ji Alhaji.

Garzali ya saka kaset ɗin kalangu, ya juyo ya dubi jama'a. Wasu har sun toshe kunne. Ya danna.

Aka yi tsit. Can sai aka ji wani ɗan sauti, siriri, kamar sauro ya shiga gwangwani. Wani tsohon mahauci ya cire yatsa daga kunne ya ce, "An fara ne?"

"Tana ɗumama jiki," in ji Garzali. Ya murɗa maɓallin ƙara. Sauron ya zama ƙuda. Ya murɗa har ƙarshe, ƙudan ya kama tari. Daidai nan Nuraddeen ya tsala kuka daga cikin gida, kukan jaririn kwana bakwai, ya shafe kalangu da makaɗinsa gaba ɗaya.

"A rufe wa yaron baki mu ji lasifika!" wani ya ɗaga murya daga baya. Dariya ta fara tashi daga gefe-gefe.

Gumi ya keto wa Garzali. Ya duba waya, ya hura kaset, ya zargi rakoda, ya zargi Dzarma. Da dabara ta ƙare sai sana'a ta motsa. Abin da yake yi wa san da ya ƙi tashi, shi ya yi: ya ja da baya ya zabga wa akwatin dama mari a kwiɓi.

Akwati ya yi lilo a kan turmi. Ya tafi hagu, ya dawo dama, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya kifo gaba. Alhaji Nasidi, da ƙafar tasa mai ciwo, ya yi wani tsalle da rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Akwati ya daki ƙasa, katakon baya ya ɓalle, yashi ya kwararo. Ba kaɗan ba. Yashin kogi mai laushi, ya binne tiren shinkafa, ya binne takalman Alhaji, ya hau darduma. Bayansa guntayen bulo suka gangaro. Can sama, an kafe da ƙusa biyu, ga wata 'yar lasifika da ba ta fi murfin kofi ba, tana ta tarinta ita kaɗai.

Tsohon mahaucin nan ya taso, ya durƙusa, ya dafa kwiɓin akwatin, ya ɗan girgiza, ya juyo ya yi murya irin ta Garzali sak.

"Wannan an shayar da ita."

Wurin ya fashe. Dillalai suna faɗuwa a kan juna, tela ya kwanta yana dukan ƙasa, mata suka yo waje da mayafi a hannu suna tambayar me ya faru, da suka gani su ma suka kama. Garzali ya so ƙasa ta tsage ya shige, to amma ƙasar ma ga ta nan ya sayo ya kawo gida.

Duk da haka bai saduda ba. Ya nuna akwatin hagu. "Ranka ya daɗe, wannan ce aka yi wa algus. Waccan lafiyayya ce, na dafa ta, ta ma fi nauyi."

"Ta fi nauyi?" in ji Alhaji, yana zazzage takalmi. "A buɗe."

Aka sauke ta, kafinta ya sa guduma. Gaskiyar Garzali, ta fi nauyi. Ban da yashi, har da tsohon dutsen niƙa a ciki. Wannan kuwa ko 'yar lasifikar ba a wahalar da kai an sa mata ba, wayar a jikin ƙusa aka ɗaure.

Ya Fanna ta ratso mutane ta duba dutsen, ta juya shi, ta ce, "Wannan mai kyau ne. Na karɓa a madadin randa. Saura ƙofa."

Ana cikin wannan Dzarma ya yi wa matarsa ido. Rhoda ta shiga gida ta fito da 'yan lasifikan nan biyu, ɗaya a kowace hammata, ko nishi ba ta yi. Dzarma ya ɗora su a kan benci, ya mayar da waya, ya danna. Kalangu ya tashi rangaɗau, ya cika gindin darbejiya ya bi lungu, har mata suka koma ciki da rawa. Bai kai Abbaganaram ba, amma duk wanda ya zo suna ya ji. Dzarma bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi.

Alhaji Nasidi ya saurara kaɗan yana gyaɗa kai, sannan ya miƙe. Garzali ya bi shi har mota, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, maganar tamu..."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa, ba da fushi ba, abin da ya fi ƙona rai ke nan. "Garzali, hannunka bai yi ƙarya ba. Nauyi ka nema, nauyi ka samu. Ni abin da ya tsaya mini, mutum ya ce maka zo ka ji, ka ce ba ka bukata. Wanda zan damƙa wa dukiyata, ina so in an ce masa duba, ya duba. Legas kuma ba sa sayen yashi, suna da na bakin teku. Allah ya raya Nuraddeen."

Mota ta tashi. Aikin da ya yi shekaru yana mafarki ya tafi a cikinta, kuma kafin sati ya zagayo aka ba wani dillali mai shiru-shiru wanda bai taɓa cewa komai game da hannunsa ba. Abin ya yi wa Garzali ciwo ƙwarai, har ya kwana biyu bai iya cin abincin kirki ba. Ya koma Kasuwar Litinin neman mai rumfa, ya tarar da mai sayar da barkono a wurin.

Kayan dai ba su tashi a banza ba. Kafinta ya fasa akwati ɗaya ya yi wa Ya Fanna ƙofa, baƙa mai rubutun zinare a goshi, babu irinta a Mafoni. Ɗayan kajin Rhoda suka samu ɗaki. Yashin kuwa Saude ta tankaɗe ta adana, da ta gama jego ta kama suyar gyaɗa da shi, ta ce tunda aka yi aurensu bai taɓa sayo mata abu mai amfani irin wannan ba.

Sai da ya yi sati biyu kafin ya iya sa ƙafa a Kasuwar Shanu. Ya shiga ta gefe, kai a sunkuye, ya sami wani makiyayi Bashuwa da jan bijimi mai tozo. Ba wanda ya ce masa komai, har ya fara jin ko an manta. Ya kewaya san sau uku, ya duba ƙafafu, ya ɗaga hannun dama zai dafa kwiɓi. Sai ya ji kasuwar ta yi shiru a bayansa.

Bashuwan ya kama wutsiyar san ya miƙo masa, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam Garzali, a jona maka shi ka ji, ko a buɗe bayan?"

Garzali ya dubi wutsiya, ya dubi hannunsa da ke sama, ya sauke shi a hankali ya sa a aljihu.

"A jona," in ji shi.